Lakar Bakin Teku da Hayaƙin da Muke Turnuƙa wa Sama



Sharhinmu na yau a kan laka yake. Laka dai da kuka sani, baƙa, mai danƙo, mai wari, sai dai wannan tana kwance ne a ƙarƙashin ruwan teku, tun daga inda ƙafar masunci ke nutsewa a bakin gaɓa har zuwa inda zurfin ruwa ya kai kamar mita 200. Na san wani zai ce, mu da ke Gusau ko Damagaram, da yawanmu ba mu taɓa sa teku a ido ba, ina ruwanmu da abin da ke ƙasanta? A ba ni aron kunne na 'yan mintoci. Zafin da ke hana mu barci a watan Afrilu, da ruwan da ke zubowa lokaci guda ya kwantar da gidajen ƙasa a Agusta, suna da nasaba da yawan wata iska a sararin sama. Ita kuwa lakar nan tana cikin 'yan abubuwan da ke rage wannan iska ba tare da an biya su ko sisi ba.

Iskar ita ce kabon dayoksaid, wadda ke fita duk sa'ad da aka ƙone fetur ko gas ko kwal ko itace, ko aka gasa dutse don yin siminti. Ba a ganinta, ba a jin warinta, amma in ta yi yawa a sama sai ta tare zafin da ya kamata ya fice daga doron ƙasa. A shekarar 1958 wani masani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Lowa da ke tsibirin Hawayi, ya same ta wajen kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu ba ta wuce 280 ba. Yau ta haura 420, kuma ta bana kullum sai ta ɗara ta bara. Daga fetur da gas da kwal da siminti kawai, 'yan Adam na sakin kimanin tan biliyan 37 a kowace shekara.

Da a ce duk wannan na tsayawa a sama, da zafin da muke kuka da shi ya fi haka nesa ba kusa ba. Wajen rabi ne ke tsayawa. Dazuzzuka da ƙasa na shanye wani kaso, teku kuma na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai shan da teku ke yi ba kyauta ba ne. Iskar na narkewa a ruwa ta sa shi tsami, har tsamin saman teku ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu. Sannan abin da ya narke a saman ruwa yau, gobe yana iya komawa inda ya fito. Abin tambaya shi ne, a ina ake kulle shi ya shekara ɗari ko dubu bai motsa ba?

Teku ba daga baki take fara zurfi ba. In ka bar gaɓa, ƙasa na gangarawa ne a hankali, wani wurin kilomita talatin, wani wurin ɗaruruwa, kafin ta yanke ta faɗa ƙurmin da ke kai kilomita uku zuwa huɗu. Wannan shimfiɗa mara zurfi ba ta wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na faɗin teku ba. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na ragowar tsirrai da halittun da teku ke binnewa, a nan ake binne su, musamman a bakin manyan koguna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Koguna na kawo taki, rana na ratsa ruwa, sai ƙananan tsirran da ido ba ya iya gani su yi ta hayayyafa suna zuƙar iskar kabon suna gina jikinsu da ita. In sun mutu sai su nutse. A tsakiyar teku tafiyar na ɗaukar makonni, kafin su isa ƙasa an cinye kusan duka, kabon ɗin ya koma ruwa. A bakin gaɓa kuwa tafiyar gajeriya ce, kuma kafin a ankara sabuwar laka ta rufe su. Ko da hakan, abin da ake binnewa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ya tsiro ba. Kaɗan ne ƙwarai, amma shi ne kaɗan ɗin da ba ya dawowa.

Masu bincike kan soka bututun roba mai garai-garai cikin wannan laka su zaro shi a tsaye. Abin da ake gani a ciki yana da ban sha'awa. A can sama akwai wani siririn layi mai ruwan ƙasa, sau da yawa 'yan milimita ne kawai, da ƙananan ramukan tsutsotsi. A nan iskar oksijin ke tsayawa. Daga nan zuwa ƙasa sai baƙi ƙirin, in aka yanka shi ya buge ka da warin baragurbi. A cikin wannan baƙin ruɓewa ke yin sanyi, domin yawancin halittun da ke cinye mushe ba sa iya aiki in babu oksijin. Santimita guda na iya zama tarin shekaru, mita guda kuma ɗaruruwa ko dubbai. Wani lissafi da Trisha Atwood ta Jami'ar Jihar Yuta da abokan aikinta suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa mita ɗaya na saman lakar tekunan duniya na riƙe da kabon kimanin tan biliyan 2,300, fiye da abin da ke cikin mita ɗaya na saman ƙasar tudu.

To, ita lakar daga ina take zuwa? Daga tudu, kuma a nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Jan ruwan da ke gudu a Gulbin Maraɗi da damina ƙasar gona ce yake ɗauke da ita, da ganye da kara da taki. Yana faɗawa Rima, Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, su wuce Argungu su shiga Kwara. Na Kaduna ma Kwara yake shiga, na Gongola kuma ya bi Binuwai su haɗu a Lakwaja. Da can wannan ƙasa har Neja Delta take kaiwa, ita ce ma ta gina yankin tun asali. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka ƙara Jebba da Shiroro, da Lagdo a Kamaru, kaso mai yawa na lakar a bayan madatsun yake kwanciya. Muna buƙatar wutar lantarki, babu mai musun wannan, amma ya kamata a san cewa lakar da aka tare a Kainji ita ce wadda bakin teku ke jira.

Wurin da wannan ajiya ta fi kauri shi ne inda akwai tsirran da ke kafe saiwa a cikin lakar. Na farkonsu itacen mangurof, wanda ke rayuwa a ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje sun sarƙe da juna sun sauka cikin taɓo. In teku ta ciko, ruwa ya shiga tsakanin saiwoyin sai gudunsa ya mutu, lakar da ya ɗauko ta kwanta. In ta janye, an ƙara wani siririn shafi. Ganye na zuba, saiwa na mutuwa a ƙasa, duk a binne su cikin taɓon da babu iska. A 2011 Daniel Donato da abokansa suka auna dazukan mangurof a yankin tekun Indiya da Fasifik, suka samu matsakaicin kabon sama da tan 1,000 a hekta guda, wato ya ninka na yawancin dazukan tudu na ƙasashe masu zafi, kuma daga rabi zuwa kusan duka a cikin ƙasa yake, ba a jikin itacen ba. Mai kallon ganye da rassa bai ga komai ba tukuna. Duk duniya mangurof bai wuce murabba'in kilomita 147,000 ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar a Indunisiya, Najeriya kuma ita ke da mafi girma a Afirka, tana cikin biyar na gaba a duniya.

Sai ciyawar teku, wadda ke shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa mara zurfi. A Bahar Rum akwai wata iri da ta tara tabarmar matattun saiwoyi mai kaurin mitoci, wasu sun shekara dubbai. A nan yammacin Afirka akwai babban filinta a gaɓar Muritaniya. Ita ma ajiyar tana da rauni. A lokacin zafi na 2010 zuwa 2011 ruwan yammacin Ostireliya ya yi ɗumin da ba a saba gani ba, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ciyawar mashigin Shak Be ta lalace, masana suka ƙiyasta cewa miliyoyin tan na iskar kabon ne suka kuɓuce a shekarun da suka biyo baya. Zafin da ake so ciyawar ta rage shi ne ya kashe ta.

Wannan duk binnewa ce, kuma ita aka fi sani, musamman tun rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2009. Akwai aiki na biyu da lakar ke yi wanda ba a cika faɗa ba, ni kuwa shi ya fi ɗaukar hankalina.

Uwargida, ke za ki fi kowa saurin gane shi. In miyar yakuwa ta yi tsami, kanwa kike jefawa ta kashe shi. In kuma ruwan kanwa ya haɗu da ruwan tsamiya, kin ga yadda kumfa ke tasowa. To, wannan kumfar ba komai ba ce illa iskar da muke magana a kanta. Kanwa gishiri ce mai riƙe da kabon a kulle, tsami ne ke buɗe shi. Ruwan teku ma yana da nasa ƙarfin kanwar. Gwargwadon wannan ƙarfi, gwargwadon iskar da zai iya janyowa daga sama ya mayar da ita narkakken gishirin da masana ke kira bayikabonet, wanda ke zama cikin ruwa dubban shekaru bai koma iska ba. Da wannan hanya teku ta tara kabon da ya ninka na sararin sama fiye da sau 40.

Wani ɓangare na ƙarfin kanwar koguna ke kawo shi daga duwatsun da ruwan sama ya narkar. Wani ɓangaren kuma a cikin baƙar lakar nan ake yin sa. Ga yadda abin yake. Inda oksijin ya ƙare, akwai bakteriyar da ke numfashi da wani gishirin farar wuta da ke cikin ruwan teku. Suna cin mushen da aka binne, su fitar da abu biyu: bayikabonet, da iskar nan mai warin baragurbi. In mai warin ta tsere sama ta gamu da oksijin, sai ta rikiɗe ta zama tsami ta cinye ribar da aka samu, an yi ba a yi ba. In kuwa ta gamu da ƙarfen da koguna suka kawo cikin jar ƙasa, sai su ƙulle su zama 'yan ƙwayoyin wani ma'adini mai ƙyalli da ake kira fayirait, irin wanda kan ruɗi sabon shiga haƙar zinariya. Fayirait ya zauna a binne da tsaminsa, bayikabonet ya fita zuwa ruwa. Haka nan ɓawon kawa da na katantanwar teku kan narke a hankali cikin lakar su ƙara nasu. A dajin mangurof ƙaguwa ce ke taya aikin: ramukan da take haƙawa ruwa ke cikawa in teku ta ciko, ya tsiyaye in ta janye, ya fito da wannan ruwa mai ƙarfin kanwa. Wasu awon da aka yi a Ostireliya sun nuna cewa a wasu dazukan, kabon da ke fita ta wannan hanya ya fi wanda ake binnewa.

Sharaɗin duka ayyukan biyu ɗaya ne: kada a taɓa lakar. Da zarar an tone ta, oksijin ya shiga, mushen da ya yi shekaru yana kwance ya fara ruɓewa, fayirait kuma ya saki tsaminsa. Manoman shinkafa na Kasamans a kudancin Senegal sun ga wannan da idonsu. Gonakinsu a kan tsohuwar lakar mangurof suke. Da farin shekarun 1970 da 1980 ya busar da ƙasar, iska ta ratsa ta, sai ta yi tsamin da shinkafa ba ta iya tsira, aka bar filaye da yawa fayau.

A cikin teku kuwa babban mai tonon shi ne jirgin kamun kifi mai jan taru a ƙasa. Ku kwatanta abin a ranku. Jirgi na tafe a hankali, a bayansa igiyoyin ƙarfe biyu sun nutse. Kowace na riƙe da wani faifan ƙarfe mai nauyi, a manyan jirage har yakan haura tan guda, su ne ke buɗe bakin tarun. A leɓen tarun na ƙasa akwai sarƙa da ke karta laka don ta firgita abin da ke kwance ya yi tsalle ya faɗa ciki. Faifan na yanka kwari, sarƙa na kankare sama, a baya kuma gajimaren laka ya tashi ya yi tsawon da har tauraron ɗan Adam na ɗaukar hotonsa. Wasu wuraren ana bi ta kansu sau da yawa a shekara guda.

Nawa ne asarar? A nan masana suka raba gari, kuma gara ku ji yadda gardamar take. A 2021 Enric Sala da tawagarsa suka wallafa bincike a mujallar Nature, suka ce ana jan taru a kan murabba'in kilomita kusan miliyan 5 duk shekara, kuma hakan na iya sakin iskar kabon wajen tan biliyan 1 a cikin ruwa, daidai da abin da jiragen saman duniya ke fitarwa. Jaridu suka yi ca a kai. A 2023 Jan Hiddink na Jami'ar Bango da ke Birtaniya da wasu masana suka mayar da martani a wannan mujallar, suka ce an zuzuta lissafin, mai yiwuwa ninki 100 ko fiye, domin yawancin kabon da ya daɗe a binne ya riga ya ƙi ruɓewa, ko an tono shi ba nan da nan yake narkewa ba. A 2024 ɓangaren farko suka dawo da sabon lissafi, cewa abin da ke kaiwa sama na iya kai tan miliyan 370 a shekara. Har yau ba a rufe maganar ba. Ni dai ina ganin an yi gaggawar yayata adadin farko, kuma irin wannan gaggawa tana ba masu jiragen makami, su ce ai duk zancen ƙarya ne. Alhali akwai abin da binciken wurare daban-daban ke ta nunawa. Inda ƙasan teku yashi ne da igiyar ruwa ta saba juyawa, taru ba ya canza abu mai yawa. Inda kuwa laka ce mai laushi a wuri mai kwanciyar ruwa, ajiyar na raguwa in an matsa mata. Sannan a 2025 Sebastiaan van de Velde da abokansa masu aiki da Jami'ar Antwaf ta Beljiyam suka lissafa ɓangaren ƙarfin kanwa kaɗai, suka ce jan taru da yasar ƙasan teku na rage wa teku shan iskar da ta kai tan miliyan 2 zuwa 8 a shekara. Wannan adadi ƙarami ne, amma asara ce da a baya ko a littafi ba a sa ta.

Yanzu kuma an fara tunanin ƙara wa lakar ƙarfi da hannu. Akwai wani koren dutse, olibin, wanda in an niƙa shi aka watsa a ruwa mara zurfi yake narkewa a hankali ya ƙara ƙarfin kanwar teku. A takarda, tan guda na iya kama kusan tan guda na iskar. A 2024 kamfanin Vesta ya zuba fiye da tan 8,000 a gaɓar Karolina ta Arewa a Amurka don gwaji. Gwaji ba laifi ba ne. Amma dutsen sai an haƙo, an niƙa, an yi dakonsa, duk da mai, yana kuma ɗauke da ƙarfen nikel da dole a lura da tasirinsa ga halittun ruwa. Ku auna tan dubu takwas da tan biliyan 37, ku ga tazarar.

Wannan awon ya kamata a riƙa yi wa duk wanda ya zo da daɗin baki. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2019 kan teku, ya ce ko an farfaɗo da dazukan mangurof da ciyawar teku da fadamun gishiri iya yadda za a iya, da wuya amfanin ya wuce kashi 2 cikin 100 na hayaƙin da ake fitarwa yanzu. Saboda haka in kamfanin mai ko na jirgin sama ya ce ya dasa mangurof a wata ƙasa ya wanke hayaƙinsa, a tambaye shi lissafi. Hayaƙin nasa yau ya fita, lakar kuwa milimita-milimita take taruwa. Ban ce cinikin kabon duka yaudara ba ne. A ƙauyen Gazi da ke gaɓar Kenya akwai shirin Mikoko Pamoja, wanda tun wajen 2013 mutanen gari ke kare hekta ɗari da 'yan kai na mangurof, suna sayar da shaidar kabon, kuɗin na tafiya ga ruwan sha da makaranta. Ya yi kyau ne don ƙarami ne, kuma masu dajin ne ke riƙe da shi. Abin tsoro shi ne ranar da wani zai zo daga birni da takardar gwamnati ya ce dajin kakanninku yanzu ma'ajiyar kabon ce, an sayar, kada wanda ya sake shiga.

To, tunda ajiyar ba ta saurin taruwa amma tana saurin zubewa, hankali ya nuna cewa tsare wadda ke ƙasa ya fi dasa sabuwa. A nan Najeriya ke da abin faɗa, da kuma abin kunya. Gaɓarmu ta kai kilomita 853. A 2008 ɗanyen mai ya malala har sau biyu a Bodo da ke ƙasar Ogoni a Jihar Ribas, ya kashe mangurof mai yawan gaske, sai a 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya mutanen garin fam miliyan 55. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Itacen da mai ya kashe, saiwarsa ta ruɓe, lakar da ya riƙe sai ruwa ya tafi da ita. Ga masu tace mai a ɓoye cikin daji suna zubar da dagwalo. Ga wani kwakwan ruwa, nifa, da Turawa suka kawo Kalaba daga Singafo a 1906, yana mamaye duk inda aka sare mangurof. Ga haƙar yashi da cike fadama a Legas don gina unguwannin masu hali. Ga kuma matan da ke saran itacen don bandar kifi, waɗanda ni ba zan ɗora musu laifi ba, domin wanda bai ba su wani makamashin ba ba shi da bakin hana su.

Jiragen tarunmu kuwa yawanci jatan lande suke nema don kai wa Turai, shi kuma jatan lande a laka mai laushi ta bakin koguna yake zama, daidai wurin da ajiyar ta fi yawa. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana jan taru a cikin mil biyar na ruwa daga gaɓa, wato kimanin kilomita 9. An yi dokar ne don kare masuntan kwalekwale da wurin hayayyafar kifi, ba don zancen kabon ba, amma ga shi ta dace da shi. Masuntan dai sun daɗe suna kukan cewa jiragen na kutsowa da dare suna yayyaga musu koma. A yi bikin dasa mangurof da rana gaban 'yan jarida, da dare a bar taru na karta lakar da ke gabansa, wannan tufka da warwara ce.

A Gilasgo a 2021 Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, a 2023 kuma aka kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku. Muna da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975. Abin da ake buƙata daga gare su bai fi ƙarfinmu ba. A ba cibiyar kuɗi da jirgi ta zana taswirar ƙasan ruwanmu, a san ina ne yashi, ina ne laka, nawa ke kwance a ciki. A sa wa kowane jirgin taru na'urar da ke nuna inda yake, wanda ya ƙetare mil biyar a karɓe lasisinsa. Kafin a ba da izinin yasa ko cike fadama, a sa asarar lakar a cikin lissafi. Matan banda kuma a taimaka musu da murhun da ba ya cin itace da yawa.

Kira na ƙarshe ga 'yan majalisarmu na Arewa da ke Abuja. In an kawo kasafin ma'aikatar teku ko na gyaran Neja Delta, kada ku ɗauka zancen 'yan Kudu ne ku fita shan iska. Ku zauna, ku tambayi nawa aka ware wa sintirin mil biyar, nawa aka ware wa awon laka, jirage nawa aka kama bara. Ku kuma masu sauraro, in sun zo gida neman ƙuri'a, ku tambaye su ko sun yi tambayar.